Tabon Mai a Bangon Ɗakin Tuhina

Jangipur, 4 ga Agusta

Uwar Tuhina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya jikin mahaifiyarki, Amma? Kumburin ƙafar ya sauka? Ki ce mata surukinta yana yi mata addu'a bayan kowace salla. Ki gaida yayanki da iyalinsa.

Direban bas ɗin Malda na ba wa wannan, don maganar ba ta waya ba ce. In na kira ki Amma na gefenki ta baza kunne, ni kuma yarinyar na gefena.

'Yarki lafiyarta ƙalau. Na fara da wannan don na san halinki. Amma shekaranjiya da asuba ta nutse a kogi.

Kin san saura kwana ashirin da huɗu babbar gasar iyo, kilomita tamanin da ɗaya, wadda ta shekara shida tana yi wa shiri. Kin kuma san malamin iyonta, Ostad Gouranga, ba zai sa hannu a takardarta ba sai ta yi masa awa shida a ruwa ranar sha takwas ga wata. To mun fita atisaye kamar kullum, ni da Ostad muna cikin kwale-kwalen Haran, ita tana iyo a gefenmu. Ba ta cika awa biyu ba na ga hannunta yana nauyi. Sai ya tsaya cak. Ba ihu, ba fantsama ruwa, fuska a ƙasa, ruwan damina yana janta kamar tsumma. Kafin in miƙe Haran ya faɗa da kayan jikinsa ya cafko gashinta.

Da ta gama tari ta dube ni ta ce, "Abba, wallahi ban san na yi barci ba."

Barci, uwar Tuhina! A tsakiyar kogin Bhagirathi!

Da rana Ostad ya zo shago, lokacin da benci ya cika da masu cin abinci. Ya ce me take ci da dare, kuma ƙarfe nawa? Na faɗa masa ba tare da kunya ba, don ba abin kunya ba ne. In ta dawo atisayen yamma ƙarfe bakwai, shayina mai kauri kofi biyu, don ya warware mata gajiya. In na rufe shago ƙarfe sha ɗaya, shinkafa da naman akuyar nan nawa da mutane ke tsallako gada dominsa, da gurasar paratha biyu da suka sha mai. Ta kwanta sha biyu saura, ta tashi huɗu da rabi.

Ya kama kansa da hannu biyu ya ce, "Ebadot-bhai, ɗan'uwana, ashe kai ne kake hana ta barci."

A gaban jama'a! Wani ma har da ƙyalƙyala dariya. Na ce, "Ostad, kai ruwa ka sani, ni tukunya na sani. Na taɓa shiga kogi na gyara maka hannun ɗalibi?" Ya ce ta ci abinci mara nauyi kafin magariba, shayi kuma daga azahar an rufe. Na ce 'yata ba majinyaciya ba ce, kuma ba marainiya ba ce. Ya tashi bai taɓa shayin da na zuba masa ba.

Gajiya ce kawai. Shi ne yake ƙure ta da atisaye, yana neman wanda zai ɗora wa. Kada ki gaya wa Amma.

Ki huta lafiya. Mijinki,
Ebadot Mondal

Jangipur, 9 ga Agusta

Uwar Tuhina,

Sallama da gaisuwa. Amsarki ta iso. Na yi murna da jin Amma ta fara takawa zuwa bakin ƙofa, Allah ya ƙara sauƙi. Ke fa, kina samun hutu? Gidan nan ba ke ya zama kamar tasha.

Kin ce in saurari Ostad. Ke ma? Ke da kika san daga inda na taso?

Ina aji tara kogi ya cinye gonarmu da gidanmu a damina ɗaya. Wata bakwai muka yi a kan tudun jingar ruwa ƙarƙashin leda. Kin san abin da na fi tunawa? Ba ruwan sama ba. Kwana da yunwa. Ciki yana murɗawa, ido a bushe har asuba, ƙannena suna kuka. Don haka kada wani mai takarda ya zo ya koya mini abin da ke hana mutum barci. Na sani a jikina: cikin da ba komai a ciki shi ne ba ya barci. Ranar da na ɗora butar shayi ta farko a bakin mashayar kogi, na yi alkawari tsakanina da Allah, ɗan da zan haifa ba zai taɓa kwana ciki da sauran wuri ba. Daga buta ɗaya na kai shago mai benci takwas, ba wanda ya ba ni ko cokali. Yau kuma abincin nan ne ya zama guba?

Na ma ƙara mata madara mai ɗumi da man shanu bayan naman. Tana cinyewa tas, har ta suɗe hannu. Na tambaye ta, "Uwata, kina barci kuwa?" Ta ce, "Ina yi, Abba." To kin ji. Wa ya fi ta sanin kanta?

Amma ba zan ɓoye miki ba, abin bai gyaru ba. Idonta ya faɗa, ƙasansa ya yi baƙi. Jiya ta sa gishiri a shayin wani malamin makaranta, ta tsaya tana kallon cokalin. A ruwa kuma tafiyar da take yi a awa ɗaya yanzu sai ta ƙara minti goma. Haran ya ce shi ba zai ƙara tura kwale-kwale ba sai an ɗaura mata igiya a ƙugu. Na ce ita akuya ce? Ya ce, "Bhai, ni na taɓa gashinta a ƙarƙashin ruwa, ba kai ba." Na yarda aka ɗaura. Yanzu igiyar a hannuna take zama, kuma in mun dawo sai in ga shatinta a tafina saboda riƙo.

Ostad ya daina yi mini magana, sai dai ta bakin Haran, alhali muna zaune a katako ɗaya cikin kwale-kwale. Saƙonsa na yau shi ne, in hannunta ya sake tsayawa ko sau ɗaya, ko a atisaye ko a gwaji, ba zai sa hannu ba, kuma ba zai ƙara karɓarta ba. Wai ba zai raka 'yar mutane kogi ya dawo da gawa ba. Tuhina ta ji. Ta shiga wanka ta daɗe.

Saura kwana tara gwajin. Ki yi mana addu'a.

Naki,
Ebadot

Jangipur, 12 ga Agusta

Uwar Tuhina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Amma. Ki yi haƙuri da rubutun nan.

Jiya da rana rufin ɗakinta ya fara yoyo, tana wajen atisaye, na shiga in ja gadon gefe. Kin tuna ni na shafe ɗakin nan da farar ƙasa da hannuna kafin ƙaramar Salla. To a bangon da gadon ke jingine na ga tabo. Zagayayye, baƙi-baƙi, kamar girman faranti. Na ɗauka danshi ne. Na shafa na sansana. Man kwakwa ne, man da take shafa wa kanta. Na ɗaga matashin kanta. Fes, kamar yau aka wanke shi.

Na zauna a gadon na jingina bayana. Tabon ya zo mini daidai wuya. Ita kuwa daidai kanta ne.

Da dare na ba ta abinci kamar kullum. Ta cinye. Wajen ƙarfe biyu na tura ƙofar a hankali. Tana zaune, ta haɗa kai da bango, ta rungume gwiwa, ido biyu. Ta zabura ta ce, "Abba, yanzu na tashi shan ruwa." Na nuna mata bangon.

Ta juya ta dubi tabon. Ta ce in ta kwanta abincin yana taso mata har maƙogwaro, yana ƙuna kamar garwashi, zuciyarta kuma tana bugawa saboda shayin. Sai ta zauna ƙwannafin ke lafawa. In ta yi sa'a takan samu awa ɗaya kafin kiran asuba. Na ce tun yaushe? Ta ce tun da na fara yi mata nama kullum saboda gasa. Kusan wata huɗu ke nan, uwar Tuhina. Wata huɗu 'yarmu tana kwana a zaune, bango ɗaya tsakaninmu.

Na ce me ya hana ki faɗa? Har na ɗaga murya. Ta ce, "Abba, kana tsaye a kaina kana murmushi, kana tsamo mini tsoka mai kyau. Duk yini ba ka dariya sai lokacin nan. Ta ina zan fara?"

Ban iya tsayawa a ɗakin ba.

Da gari ya waye na tafi gidan Ostad da ƙafata. Shekara ashirin da biyu ban je ƙofar wani neman komai ba. Na same shi yana goge haƙori a tsakar gida. Na ce, "Ostad, rubuta mini." Ya tofar da ruwa ya ce, "Mai tukunya ne da kansa?" Na haɗiye maganar. Ya rubuta a bayan takardar magani: babban abincinta, har da naman in ina so, da rana. Kafin magariba shinkafa da dal, miyar waken nan, mara yaji da ɗan kifi dafaffe. Bayan isha ayaba ɗaya, in ta nema. Shayi na safe kawai. Ƙarfe tara ta kwanta, ya soke atisayen yamma.

Na ce zai isa? Ya ce bai sani ba. Barcin wata huɗu ba a rama shi a kwana shida, kuma maganarsa tana nan: hannu ya tsaya, an gama. Ba zai ɗage ranar ba, don kashegari ake rufe karɓar suna.

In ta rasa gasar nan, ba kogi ba ne, ba Ostad ba ne. Na san wanda ya yi.

Mijinki,
Ebadot

Jangipur, 19 ga Agusta

Uwar Tuhina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa gare ki da Amma da duk gida. Na san kin ji a waya, amma Tuhina ta ƙwace ta kafin in ce komai, don haka ga nawa.

Daren farko ba ta yi barcin kirki ba, na ji tana juyi. Na biyu ma haka, har na fara cewa a raina to ga maganar mai takarda. Da ƙyar na hana ƙafata zuwa murhu. Dare na uku na leƙa, na gan ta a miƙe, baki a buɗe, hannu ɗaya yana reto a gefen gado, irin kwanciyar da take yi tana 'yar shekara biyar. Da asuba sai da na girgiza ta sau uku. Na rufe rediyon shago tun tara, masu zaman hira suna ta mita, na ce wanda bai ji daɗi ba ga hanya.

Jiya muka shiga ruwa ƙarfe biyar da rabi. Ostad ya ce a cire igiya, don ranar gasa ba igiya. Hannuna ya rasa abin riƙewa, na damƙe bakin kwale-kwale. Awa ɗaya, biyu, uku, hannunta yana tafiya kamar agogo. Ostad yana ƙirgawa a ransa, leɓensa na motsi. Rana ta fito, kogi ya yi faɗi, ba abin da ake ji sai filafilin Haran.

Cikin awa ta biyar hannun ya tsaya.

Ban san na miƙe ba. Haran ya riga ya yar da filafili. Sai ga kanta ya ɗago, ta ture tabaraun iyo, ta ce, "Abba! Sau biyu ina ɗaga maka hannu. Ayabata fa? Ko kai ne kake gyangyaɗi?"

Haran ya faɗi zaune yana dariya. Na dubi Ostad, don ai hannu ya tsaya. Ya ce, "Wannan tsayawar yunwa ce, ba da ita nake ba. Miƙa mata, mai tukunya." Na miƙa mata a sanda. Ta cika awa shida har da minti huɗu. Ya ɗora takardar a kan gwiwarsa ya sa hannu, duk ta jiƙe. Da yamma ya zo shago ya sha shayi kofi biyu.

Gaskiya ta faɗa, gyangyaɗi nake. Ga dalili. Duk kwanakin nan hannuna bai daina ware mata kasonta na sha ɗayan dare ba, ya riga ya saba. Ni kuma ba na zubar da abinci, kin sani. Sai in haɗa da nawa in cinye. Dare shida ina kwana a zaune, wuta a ƙirjina. Kuma da na yi tunani, wutar nan ba baƙuwa ba ce. Na shekara ashirin ina jin ƙaramarta, ina cewa gajiyar aiki ce.

Shi ne na kasa daina tunanin wani abu. Tun da na kawo ki gidan nan kike jirana har sha ɗaya mu ci tare. Matashi uku kike tarawa a ƙarƙashin kanki, ina yi miki tsiya wai sarauniya. In na farka sai in gan ki a bakin gado, ki ce zafi ne ya tashe ki, ko da lokacin sanyi ne.

Jiya na ja gadonmu na duba bango. Ban ga komai ba, amma ke da ɗankwali kike kwana.

Saura kwana tara gasa, ki yi ƙoƙari ki zo. Tabon ɗakinta kuma kada ki goge, na ce a bar mini shi. Kafin nan ki ba direba amsa. Ba sai kin yi dogon rubutu ba, kuma ba zan ɗaga murya ba. Tun yaushe?

Mijinki,
Ebadot Mondal