Bindigar Mahaifina Tana Rataye, Ni Ina Dakon ta Wani

Malam Inuwa, assalamu alaikum. Don Allah ka agaza mini da shawara, domin na gaji, kuma gajiyar ba ta ƙafa ba ce.

Ni tsohon direban babbar mota ne. Ƙuruciyata duk a kan hanyar Konni zuwa Kwatano ta ƙare, har ciwon baya ya sauke ni, na dawo ƙauyenmu a ƙasar Bazaga ina noman gero da wake. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maharbi ne. Bai bar mini komai ba sai gona da bindigarsa ta gargajiya, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Na je buro, wato ofishin gwamnati, na gyara takardunta, komai nawa da sanin hukuma.

Da damina ba ni da damuwa, gona ta ishe ni. Rani ne ke kashe ni. Mutumin da ya saba kwana a gari ya tashi a wani, yau ga shi a ƙofar gida yana kallon awaki. Sai na ce bari in shiga ƙungiyar maharban yankinmu, inda mahaifina ya yi zamaninsa. Na ɗauka da na ambaci sunansa za a shimfiɗa mini tabarma, tun da an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ranar farko na ɗura bindiga tun daga gida, don su ga a shirye na zo. Na rataya ta, na hau babur, na tarar da su a gindin tsamiyar da suke taruwa. Ina sauka na juya ina gaida mutane dama da hagu, sai na ga dattawa suna ta sunkuyawa, wani har ya gudu ya bar takalminsa. Ni dai na san hannuna bai kusanci kunamar bindigar ba. Shugabansu, Baba Badaru, wanda suke kira Sarkin Baka, abokin mahaifina ne na ƙut da ƙut. Ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya karɓi bindigar, ya ɗaga bakinta sama, ya ce in mayar da ita gida, kada ya ƙara ganinta sai ranar da ya nema.

Malam, yau rani na uku ke nan bai nema ba. Duk lokacin da aka buɗe farauta ina fita tare da su, amma aikina ɗaukar jarkar ruwa, da kaɗa ciyawa don zabin daji su tashi, da saɓo zomayen da wasu suka harbe. In an zauna hira, nawa wurin can bakin tabarma ne. In aka ɗauko labarin mahaifina, a gabana ake yi, amma ba mai juyowa ya dube ni, sai ka ce ba ni ya haifa ba. Kuma su ɗin nan ne kullum ke kukan matasa sun guje su, sana'a za ta mutu. To wa zai zo, in haka ake tarbar mutum?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne fitarmu ta ƙarshe, wajen dajin Tajaye. Da muka shiga jeji, Baba Badaru ya ɗura bindigarsa a gaban kowa, ya miƙo mini, ya ce in riƙe in bi bayansa. Haka na wuni a bayan tsohon nan, ni da furfurata, ina dakon bindigar wani. In ya hango nama ya miƙo hannu ba tare da ya waiwayo ba, in ba shi, ya harba, ya sake ɗurawa ya dawo mini da ita. Har muka dawo bai ce mini sannu ba. Na shiga gida raina a ɓace, ko tuwo ban iya ci ba.

Matata Tsahara ta ce in haƙura da su, bayana ma ba lafiya gare shi ba. Akwai kuma wani mai izinin riƙe bindiga a Malbaza da ya daɗe yana son bindigar. Wani lokaci sai in ji kamar in ba shi in huta da ganinta a bango. Amma in na taɓa wurin da tafin mahaifina ya cinye a jikin katakonta, sai in kasa. In ta fita gidan nan, sunansa ya fita daga cikin maharba ke nan, kuma ta hannuna. Shin in ci gaba da wannan wahala, ko in sallama?

Naka, Ɗan Maharbi, daga ƙasar Bazaga.

Amsar Malam Inuwa

Wa alaikumus salam, Ɗan Maharbi. Allah ya jiƙan mahaifinka, kai kuma ya ba ka lafiyar baya.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Tarbar da aka yi maka ba ta yi kyau ba. Ko baƙo ya yi kuskure, ana gyara masa ne a kuma faɗa masa dalili. Dattawan nan sun bar ka cikin duhu kana ta saƙe-saƙe, kuma duk ƙungiyar da ke kukan rashin magada ya kamata ta koyi cewa sannu da zuwa. In suna karanta wannan fili, da su nake.

Amma ɗan'uwa, ruwa ba ya tsami banza. Ka ba ni labarin ranarka ta farko kamar su ne suka yi abin dariya. Ka zo da bindiga a ɗure, ka yi ta juyi da bakinta a kan ƙirazan mutane. Ni ma da ina wurin, ba takalmi kaɗai zan bari ba. Kai ka san hannunka bai taɓa kunama ba, su fa ta ina za su sani? Ga kuma halin rashin tsaro da bakin iyaka ke ciki yanzu: in wani abu ya faru a jeji, Sarkin Baka jandarma za su fara nema. Kai direba ne. Da ɗan amininka ya zo maka ranar farko, za ka miƙa masa makullin mota cike da kaya don kawai ubansa gwanin tuƙi ne? Na tabbata kai ma sai da ka yi yaron mota kafin a bar ka ka zauna a kujera.

Yanzu ka sake karanta abin da ka rubuto game da dajin Tajaye, domin a nan ka yi babban kuskuren fahimta. Mutumin da ya taɓa ƙwace bindiga daga hannunka, shi ne ya ɗura tasa a gaban jama'a, ya damƙa maka, ya juya maka baya wuni guda, ko waiwaye bai yi ba. Mai dakon ruwa ba a ba shi wannan. Tsohon nan ransa ya ajiye a hannunka, kuma ya yi haka ne a idon kowa don su shaida. Irin su Baba Badaru ba su iya daɗin baki ba, da aiki suke magana. Kai kuma ka dawo gida kana fushi da tuwon Tsahara.

Saboda haka kada ka sayar. Ka sayi goro ka same shi a gidansa, ba a gindin tsamiya ba. Ka gaishe shi gaisuwar ɗa da uba, ka ce ka gane abin da ya faru ranar farko, sannan ka tambaye shi kai tsaye me ya rage maka. Ka roƙe shi ya duba bindigar mahaifinka, domin ƙarfen da ya daɗe a rataye ba a amince masa sai gwani ya gani. Kafin nan ka ajiye ta ba ɗuri, albarushi a wani wuri dabam, nesa da hannun yara. Maganar matarka ma abar ji ce: in bayanka ya ƙi, ka rage fita, ba abin kunya ba ne.

In ka yi wannan kuma wani rani ya wuce ba canji, ka janye da mutuncinka, bindigar ta zauna a gidanku. Amma ban yi zaton za a kai ga haka ba. Ka je da wuri, tsohon ya riga ya ba ka bayansa, kada ka bari ya waiwayo ya tarar ba kowa.

Allah ya tsare ku a jeji, ya dawo da ku gida lafiya.