Ƙwan da Goggo Ta Fasa

Litinin, 3 ga Maris
Wata guda da sakin wasanmu na waya, mutum arba'in suka sauke. Rabinsu dangi. Shekara biyu muna kansa, ni da Dogo mai zane. Yau ya ce in abin bai motsa ba zuwa ƙarshen wata, zai karɓi aikin da aka yi masa tayi. Ban ga laifinsa ba. Amma in ya tafi an gama, ni ko da'ira ban iya zanawa ba.

Laraba, 5 ga Maris
Yaya ta zo. Tallan kaya a intanet ne sana'arta, na sha tsokanarta cewa iska take sayarwa. Na nuna mata matakin ƙarshe, gadar da na yi wata biyar ina haɗawa. Ko kallon kirki ba ta yi mata ba. Sai ta miƙa wa Goggo wayar. Goggo ta ja keken cikin wasan mai lodin ƙwai, ko kwana ba ta sha ba ta kife, ƙwai ya tarwatse. Ta yi ta dariya har da hawaye, tana "bari in sake." Ashe Yaya bidiyo take ɗauka.
"Ga tallanka nan."
Na ce Yaya, ai faɗuwa ce. Ta ce duk wanda ya ga wani ya faɗi, cewa yake shi zai iya.
Na ji haushi sosai.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ta yanke bidiyon zuwa daƙiƙa goma sha biyar, ta sake shi. Gadata ba ta ciki.

Alhamis, 13 ga Maris
Mutum dubu shida sun sauke wasan. Na zauna ina kallon yadda take aiki. Sau huɗu ta canza farkon bidiyon, sai da dariyar ta riga komai fitowa. Duk wanda ya yi tsokaci ta amsa masa, har masu zagi. Wallahi ta iya. A gida ɗaya muka tashi, ban taɓa tambayarta abin da take yi ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Wani ya rubuto ya kai gadar, ya ce ita ta fi masa kyau. Sau uku na karanta.

Litinin, 31 ga Maris
Dogo ya shigo da takardu, zanen sabon wasa. Bai yi maganar aikin can ba, ni ma ban tayar ba. Ya ce mu fara. Na ce dakata tukuna, na kira Yaya. Gaisuwa ce kawai. Amma gobe da safe za ta zo ta duba zanen.