Ledar Madam Alaa

Zuwa ga Goggo Sabuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja mana kwananki. Mu nan unguwar Madinat Nasr a Masar lafiya lau. Maigidana Illiyasu yana ta fama da karatu, 'yarmu Fauziyya kuwa baki ya buɗe, Larabci take zuba min sai ka ce a nan aka yanke mata cibiya.

Goggo, wani abu ne ya ɗaure min kai. Akwai maƙwabciyarmu Bamisriya, Madam Alaa, ita ke riƙe min Fauziyya in na tafi makarantar Larabci. Tana da ɗan farin kare, har riga take sa masa lokacin sanyi. Wannan na haɗiye. To wata safiya ina shanya a baranda, sai na hango karen ya yi kashi a bakin titi. Matar nan ta zaro leda, ta kwashe shi tsaf, ta ƙulle, ta yi gaba da abinta. A garinmu wa ke tara kashin kare in ba mai zuwa wurin boka ba? Washegari har na wani karen da ba nata ba ta kwashe. Nan take na hana Fauziyya shiga gidanta, na daina karɓar abincinta, makarantar ma na ajiye don babu mai riƙe min yarinya, ga jarrabawa ta matso.

Da na gaya wa Illiyasu, dariya ya yi har da hawaye. Wai a shara take zubarwa don kada mutane su taka, kuma ta daɗe tana roƙon masu karnukan unguwa su riƙa yin haka. Ban yarda ba sai da na bi bayanta na ga ta jefa a kwandon shara. Ranar Juma'a kuma gogan naki ya taka na wani kare a hanyar masallaci, ya dawo wanke takalmi, huɗuba ta wuce shi. Ranar ni na dara.

Na je gidanta ina kame-kame, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta ce ma'alish, wato ba komai, ta ɗauka ciwo na yi, ta rungume Fauziyya. Sai dai yanzu yarinyar nan bin ta take da ledoji, in ta ga mai kare ta miƙa masa ɗaya ta tsaya tana kallonsa. Ba ta taɓa komai, na tabbatar. Jiya wani ƙaton mutum mai gashin baki sai da ya durƙusa ya kwashe saboda ita. Illiyasu ya ce kawar da ƙazanta daga hanya lada ne. Ni kuwa na rasa ko in ɓuya ko in yi alfahari. In na hana ta, na rasa mai riƙo da jarrabawata. In na bari, me zan ce a gida?

Ki ba ni shawara, Goggo. In kuma kika ji an ce 'yar da muka kawo Masar don ta tashi cikin malamai tana bin masu karnuka da leda, kada ki musa, gaskiya ne. Amma don Allah kada kakarta ta wajen uba ta ji tukuna.

Ki gaishe min da Kawu Kamilu, da Ummul-Khairi da yaranta, da Ɗanmalam.

Taki har kullum,
Rahamatu