Nauyin Hanan Ya Tsaya a Wayata

Zuwa ga Maman Hanan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan saƙo zai iske ki, ko da ta bakin wani ne. Na san Hausarki ba ta wuce "sannu" da "ka dawo?" ba, amma Larabcina na kasuwar Ataba ne, ba ya ɗaukar irin wannan magana. Kin dai san mijinki: an turo shi Masar ya zama shehi, ya ƙare a dakon katan-katan na takalma.

Ranar da kika ce za ki koma Gaza ki haihu a gaban mahaifiyarki, har tafi na yi. Na ce ashe Falasɗinawa ma sun san goyon ciki. Na raka ki mota ina zolaya. Kika haihu, aka rufe hanya, har yau ban ɗauki 'yata ba.

Ke kika turo min lambar shiga manhajar asibitin 'yan gudun hijira. Kika ce, "Tunda karatu ya gagare ka, layin nauyin yarinyar kawai za ka kalla. In yana hawa, tamam, lafiya ke nan." Duk sanda aka auna Hanan aka shigar a kwamfuta, sai in gani a nan Ainu Shams. Na ishi 'yan dako da nuni, har suka raɗa min suna Daktur.

Yanzu layin ya tsaya. Lambar wayarki ba ta shiga. Tun da aka ce shan inna ya ɓulla a wajenku, manhajar take turo min saƙo: lokacin rigakafin Hanan ya wuce, a kai ta asibiti mafi kusa. Ni ake gaya wa, ina tsaye a cikin jirgin ƙasa na metiro. Wane asibitin? An ce wanda kike zuwa ko rufi ba shi da shi. Ni da aka ɓoye a rumbu ina yaro don kada masu ɗigon rigakafi su gan ni, yau ni ne mai roƙon Allah ya kai su ƙofar tantinku, in ma tanti kuke.

Na kai wayar wurin wata likita a unguwarmu. Ta duba ta ce, "Ma'alish, ka yi haƙuri, sai da wuta da sabis ake shigarwa. Shirun ba ya nufin komai." Na yi mata godiya, har na yi mata barkwanci. Da na fito sai na rasa hanyar gidanmu.

Habibti, abu ɗaya nake roƙo. In kin ji masu ɗigo sun zo, ki kai ta. Ki riƙe hannun ma'aikaciyar, ki roƙe ta ta auna yarinyar ta shigar. Ko nauyin ya ragu, ta rubuta shi yadda yake. Zan iya kallon layin yana sauka. Tsayuwarsa ce ba na iyawa.

Allah ya tsare ƙafafun Hanan, ya ba ki ruwa mai tsabta da wurin kwanciya, ya sa kuna raye a lokacin da nake wannan addu'a. Amin.

Naki,
Baban Hanan
Ainu Shams, Alƙahira