Na'urarka Tana Kai Baba Tsohon Gida

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina miƙo maka gaisuwa mai tarin yawa, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da jaririyar da har yau a hoto kawai muke ganinta. Allah ya raya ta, ya ƙara maka buɗi a wurin aiki. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ciwon gwiwar Goggo ya yi sauƙi, Kawu ya koma shagonsa bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi, yarana kuma suna tsakiyar jarrabawa. Baba ma jikinsa ƙalau, yana ci yana sha. Maganarsa ce dai ta zaunar da ni rubutu, don na san in na kira ka a waya faɗa zan yi, kai kuma ka ce layi ba kyau ka kashe.

Na'urorin nuna hanya guda biyu da ka aiko sun iso tun wata biyu da suka wuce, an gode, Allah ya saka. Ta babur ɗin baban yara ba ni da ƙorafi mai yawa a kanta. Ruwan sama ba ya shigarta, hasken rana ba ya hana ganin taswirar, kuma tana yi masa magana har cikin hular kwano. Sai dai mutumin da ya shekara goma sha biyar yana kai magunguna shago-shago bai taɓa tambayar kowa hanya ba, yanzu ko gidan mai ba ya zuwa sai ya nemi izininta. Rannan ta ce masa hanya mafi kusa ta bayan kasuwa ce, ya bi ta tiryan-tiryan har ya ci karo da katangar da aka gina bara. Ya dawo yana nema mata uzuri, wai ba a sanar da ita ba ne. Ni da ke aurensa ban taɓa samun irin wannan uzurin ba.

Ta motar Baba ce ta jawo mana magana. Da farko abin dariya ne. Ya manna ta a gilashin gaba, ya raɗa mata suna Malama. In ya wuce ƙa'idar gudu ta yi ƙara, sai ya ce ya ji, a yi haƙuri. In ya tsallake kwanar da ta faɗa, ba ta fushi, sai ta sake lissafo wata hanyar; ya ce duk cikin 'ya'yansa babu mai haƙurinta. Ka tuna akwai wani maɓalli mai hoton ɗan gida, wanda in an danna take kai mutum gida ko daga ina yake? Ka tuna kuma ka haɗa ta da wayar Yaya Babba, don ya riƙa ganin inda motar take? To, waɗannan biyun ne suka haɗu suka kunno mana wuta.

Yaya yana zaune a ofis sai ya ga ɗigon motar a wayarsa ya baro asibitin da Baba ke karɓar maganin hawan jini, maimakon ya yi hagu zuwa gidana, ya haura gada ya nufi tsohuwar unguwarmu. Ya je daidai ƙofar gidan da muka sayar bayan rasuwar Umma, ya tsaya cik fiye da awa guda. Sau huɗu hakan na faruwa. Ka san Yaya, ba ya tambaya sai ya gama yanke hukunci. Ya kira ni ya ce tsufa ya taɓa ƙwaƙwalwar Baba, ya manta ya shekara shida a wurina, kuma wanda ya manta gidansu gobe zai manta birki. Ya ce ranar Asabar mai zuwa zai zo ya karɓi makullin motar. Auta, Baba ya yi shekara talatin da biyu yana tuƙi, da sitiyarin nan ya ciyar da mu. Kai ma ka san abin da raba shi da makullin nan yake nufi.

Shekaranjiya na ajiye ɗinkina na ce Baba ya rage mini hanya. Da za mu dawo na danna hoton gidan da hannuna, sai ga Malamarku tana lissafo titunan da na yi wasa a kansu ina yarinya. Nan na gane kai ne ka sa mata tsohon adireshi kafin ka aiko. Na yi ƙoƙarin gyarawa, ta ce sai na sa lambar sirri. Wai ka kulle ta don kada Baba ya dagula ta! Na gwada shekarar haihuwarka, na gwada ta Baba, na gwada lambar motar, ta kulle kanta na minti talatin. Wallahi da ba a cikin motar Baba nake ba, da na cilla ta ta taga. Ban ga laifinta sosai ba, naka na gani. Shekara shida ba ka tako ƙofar gidana ba, ina za ka san adireshinsa?

Muna isa na ga abin da gidan ya koma. Shagon buga takardu ne yanzu, sun rushe zauren, injin kwafi kuma yana daidai tagar ɗakin Umma. Na juyo da murnata na ce wa Baba kuskuren na'ura ne, ba nasa ba. Sai ya kashe motar ya ce ai ya sani, tun ranar farko ya sani, daga kan gada ya gane inda za ta kai shi. Ya ce shekara shida yana son zuwa, amma in ya ɗauko maganar sai mu ce me zai je yi, abin da ya wuce ya wuce. Ya ce duk gidan nan Malama kaɗai ta rage da ke kiran wurin nan gida, shi ya sa ba ya yi mata musu. Muka zauna muna jin ƙarar injin kwafin. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Za ka ce to in gaya wa Yaya mana. Na gaya masa rabi, cewa adireshin ne ba daidai ba. Ya ce kullum ni ce mai rufa wa Baba asiri, kuma ko da hakan ne, me ya hana mai hankali juyawa? Ɗaya rabin kuwa Baba ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa masa ba. Yau da safe ina haɗa masa shayi ya ajiye makullin kusa da kofin. Ya ce in miƙa wa Yaya ranar Asabar, ya fi son a ce ƙwaƙwalwarsa ta tafi da a ce yana zuwa ƙofar shagon mutane yana kuka. Na ɗauka na mayar masa aljihu, na ce tukuna.

Saboda haka ga abin da nake so. Kafin Asabar ka kira Yaya, ka ce kuskurenka ne, kuma kai ka ce wa Baba ya riƙa bin na'urar duk inda ta nufa don a gwada ta. In dai maganar na'ura ce, taka kaɗai yake ji. Ba ka yi mini alkawarin rufe baki ba, amma ni ina roƙonka ka rufe.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da jaririya da surukanka. Goggo da Kawu da baban yara da yaran duka suna gaishe ka. Baba ya ce a gaishe ka, a kuma ce maka kada ka wahalar da kanka neman wata lamba. Ni dai ka turo mini ita, ni kaɗai. Ko zan iya sa hannu in goge adireshin nan, wannan kuma ban sani ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Yayarka