Turakun Kaka

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya aiki? Mu nan jiki lafiya, hankali ne dai ba a kwance ba. Sau uku ina kiranka kana cewa kana taro, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna labarin da Kaka take ba mu na tsibirin kakanninta, wanda teku ta haɗiye da rana tsaka, har da kasuwarsa da awakinsa? Kai dariya kake yi, kana tambayarta ko yanzu kifaye ne ke cin kasuwar. Takan ce kafin ya nutse sai da ƙasa ta tsage, rijiyoyi suka yi gishiri, ƙofofi suka ƙi rufuwa. Waɗanda suka tsira suka zauna a nan gaɓa, suka ga irin wannan tsagar a bayan gidanmu. Shi ya sa suka kafa turaku biyu, ɗaya a kowane gefe, da igiya sako-sako a tsakani. Kullum da safe babbar macen gida sai ta taɓa igiyar. Ranar da ta yi tauri, a kwashi yara a hau tudu.

Turakun nan kai ka tuge su da ka zo yi wa Inna gini. Ka ce camfi ne, ka shafe tsagar da siminti, ka ɗora mata ɗaki ta gefen teku wai don ta sha iska.

To, makon jiya wata mai binciken ƙasa ta zo makarantar da nake koyarwa tana neman labaran tsofaffi. Na ba ta na Kaka ina jin kunya, amma ko murmushi ba ta yi ba. Ta shiga jirgin ruwa da na'urarta, ta dawo ta ce daidai inda Kaka take nunawa akwai tulin ƙasar da ta zaftare a ƙarƙashin ruwa. Sannan ta zagaya bayan gida, inda siminti ya sake darewa, ta kafa ƙarafa biyu ta auna tsakaninsu. Yaya, ƙarafa biyu. Na tsaya ina kallonta. Cikin kwana huɗu tazarar ta ƙaru da faɗin yatsu biyu. Ruwan rijiya ba ya shawuwa, ƙofar Inna kuwa sai an sa mata kafaɗa.

Maƙwabta sun fara kwashe kaya, Inna ta ce ko nan da can. Wai ɗanta injiniya ne, ba zai ajiye ta inda za ta halaka ba. Na roƙa, na yi kuka, ta ce tun ina ƙarama nake baƙin ciki da kai. Maganarka kaɗai take ji. Ba na neman ka ce ka yi kuskure, ka riƙe girmanka. Ka dai kira ta ka ce ta tashi.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, tunda haka Inna ta koya mana. Da fatan kun isa gida lafiya. Ranar da ka zo gaisuwa mutane sun yi yawa, na kasa ce maka komai.

Na san ka kira Inna, na gode. Da safen ranar da abin ya faru ita da kanta ta faɗa mini, tana ta fara'a: ka ce kowane gini yana tsagewa, kada ta biye wa tsorona, za ka aiko da siminti. Na tafi makaranta ina fushi, ko sallama ban yi mata ba.

Wajen ƙarfe goma muka ji ƙara kamar tifa tana juye yashi. Kafin in iso babu ɗakin, babu rijiyar, babu rabin tsakar gida. Matar mai shago ta ce daga tudu ta hango Inna tana shanya. Masunta sun kwana uku suna nema, bokitinta kawai suka samo.

Ba kai kaɗai nake jin haushi ba. Igiyar Kaka da ka yar, ni na ɗauka na mai da ita igiyar shanya, na ce ai ta yi amfani. A kanta Inna take shanya ranar.

Simintinka ya iso jiya, buhu ashirin. Direban ya tambaye ni inda zai sauke, na kai shi na nuna masa ɗakin Inna. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya koma mota ya zauna. Har yanzu yana ƙofar makaranta yana jira. Kai ne injiniya, ka faɗa mini inda za a zuba.

Auta