Ni Na Wasa Takalman Kyaftin

Zuwa ga Manajan filin wasan ƙanƙara inda nake aiki a Dubai.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Haruna, mai kula da ɗakin takalma tun shekarar 2012. Na kai maka kwafin wasiƙar nan na Turanci ofis, wannan ta Hausa kuwa don 'yan'uwana na unguwar Naif ce, waɗanda na cika wa kunne da labarin abokina Bature ɗan Rasha. Ƙarata a kan korarsa ce, wato kocin da ke koya wa yara wasan hoki a kan ƙanƙara, wanda muke kira Kyaftin.

Na ɗaya. Mutumin da kuka sallama da takarda mai layi uku ba ƙaramin mutum ba ne. Yana ɗan shekara biyar ya fara wasa a kan tafkin da ya daskare a bayan masana'antar da babansa yake aiki. Ya shekara goma sha wani abu a tsaron baya, ya zama kyaftin ɗin kulob ɗinsa, ya ɗaga kofi, ya sa rigar ƙasarsa. Haƙoransa na gaba a fili ya bar su, gwiwarsa ta hagu kuma ƙarfe ne a ciki. Bai taɓa ba ni wannan labari don alfahari ba, ni nake tatsarsa idan muna shan shayi. Hotunan da suka shaida haka kun sauke su daga bango, yanzu suna sito kusa da bokitan goge-goge. Kullum na shiga sai na kau da kai.

Na biyu. Ranar Asabar ɗin da aka gayyaci iyaye, Kyaftin ya shiga fili zai nuna wa yara yadda ake juyawa da gudu, ya faɗi sau biyu, na biyun ya bugi allon gefe. Wasu suka yi dariya. Mataimakinka ya ce ai an san mutanensu da kwalba, kai kuma ka ce, "Khalas," wato an gama magana. Ba wanda ya shinshina bakinsa, ba wanda ya kira likita. Shekara biyu ina tare da mutumin nan, ban taɓa jin warin komai a jikinsa ba sai man zafi.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi. Injin wasa ƙarfen ƙasan takalma ya lalace tun ranar Laraba, mai sarrafa shi kuma yana hutu. Kyaftin ya miƙo mini takalmansa ya ce a taɓa su kafin Asabar. Maimakon in ce ban iya ba, sai girman kai ya ɗebe ni. Ni ɗan maƙera ne daga Zariya, tun ina yaro nake wasa wuƙaƙen mahauta, na ce wane ƙarfe ne zai gagare ni? Na sa dutse na wasa su gefe da gefe, baki ɗaya siriri, har suna aske gashin hannu. Ashe ƙarfen takalmin ƙanƙara baki biyu gare shi da ɗan kwari a tsakiya, da su yake kama ƙanƙara in za a juya. Na share su duka, na mayar cikin kuben roba, na miƙa masa ina murmushi.

Na huɗu. Ya sani. Bayan faɗuwar ya zauna a benci, ya juya takalmin, ya shafa ƙarfen da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni. Sai ya mayar da kuben ya rufe. Da na bi shi ƙofa, abin da ya ce kawai shi ne, "Habibi, kai kana da biza da 'ya'ya. Yi shiru." Na kuwa yi shirun, mako biyar cur, kuma ina jin kunyar kaina. Mutum ya kare sunansa shekaru da haƙori da gwiwa, ni na zubar da shi da dutsen wasa wuƙa, ku kuma kuka ƙarasa da zato.

Abin da nake roƙo shi ne a janye maganar giya daga takardarsa, a rubuce, domin da ita ba filin da zai ɗauke shi. A gaya wa iyayen yara gaskiya. A mayar da hotunansa bango, a kira shi ya dawo kafin kwanakin zamansa a ƙasar nan su ƙare. Takalman suna wurina yadda na ɓata su, duk wanda ya san aikin ya zo ya duba.

Na san abin da wannan wasiƙa za ta jawo mini. Fasfona yana cikin durowarka, jakata kuma na riga na ɗaure. In dole sai an kori wani saboda abin da ya faru ranar Asabar, ka kori wanda ya yi laifin.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka daga yanke hukunci a kan zato, ni kuma ya yafe mini shirun da na yi.

Wassalam.

Haruna, ɗakin takalma.